Amsa ga mai tambaya kan kwat ɗin abokan ango

Wa'alaikumus salam, ango, Allah ya sanya alheri. Ka ce abokanka takwas ne, ɗaurin aure kowa da kaftaninsa, amma a dina kana son su fito da kwat iri ɗaya, kana tambaya ko a saya ɗinkakke ko a kai wa tela, da kuma kalar da za ta dace. Saura wata biyu, ka ce. Lokacin ya isa, amma fa sai an fara a makon nan.

Ni dai shawarata a ɗinka, a wajen tela ɗaya, da yadin da aka yanko daga bandir ɗaya. Wannan maganar bandir ɗin kada ka ɗauke ta da wasa. Yadi biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, in ba rini ɗaya suka sha ba, a cikin shago ido ba zai raba su ba, amma da fitilar mai hoto ta haska sai ka ga na wannan ya ɗan ja baƙi, na wancan ya ɗan ja shuɗi. Saboda haka kada a ce kowa ya je ya nemo nasa. Babban aboki ya tattara kuɗi, ya shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, ko ya leƙa Kantin Kwari in tafiya Kano ta kama, ya yanko gaba ɗaya. Yadin kwat faɗinsa inci 58 zuwa 60 ne. Matsakaicin mutum yadi uku da rabi ya ishe shi kwat da wando, mai jiki ko dogo a ba shi huɗu, in da falmaran a ciki a ƙara rabin yadi. Sannan a sayi rarar yadi uku ko huɗu a ajiye, domin da wuya a rasa wandon da za a sake, ko abokin da zai ɓullo daga baya ya ce shi ma yana ciki.

Wajen zaɓen yadin, a fito da shi bakin ƙofa a gan shi a rana. A damƙe gefensa a tafin hannu na ɗan lokaci a saki: in ya miƙe da kansa, mai kyau ne, in ya tsaya a yamutse, haka zai yi a bayan mutum bayan zaman mota. A guji mai sheƙi da yawa, roba ce ta yi masa yawa, ba ya shan iska, kuma a hoto ƙyalli yake kamar leda. Bikin da ya faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da Kaduna ke tafasa, yadi mara nauyi ake nema, a bar falmaran, a ce wa tela ya yi rabin shafi a baya. Na Disamba da Janairu kuwa, da sanyin hunturu, kwat, wando da falmaran duka ukun ma ba laifi.

Kala ba ta da wahala. Shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu suna karɓar kowace irin fata, kuma mutum zai ci gaba da sa abinsa zuwa ofis bayan biki, wanda hakan ke rage ƙorafin kuɗi. Ka tambayi amarya kalar ankon ƙawayenta, a ɗauko ta a nektai da ɗan hankicin aljihu kawai. Kai kuma ka bambanta da su, ko da kalar kwat ko da falmaran, kada baƙo ya shigo yana tambayar wane ne angon.

Inda aikin yake lalacewa shi ne awo. Ba kowane telan kaftani ne telan kwat ba, ko da ya ce zai iya. Ka nemi ya nuna maka wanda ya ɗinka, ka sa a jikinka, ka duba kafaɗa da ƙirji. Ƙirjin kwat ana manna masa wani ƙyalle mai gam ta ciki don ya tsaya, in gam ɗin mai arha ne ko ba a danne shi da zafin da ya kamata ba, gaban rigar zai yi ƙuraje kamar fatar kaza, kuma ba ya gyaruwa. Kowane aboki ya je da ƙafarsa a auna shi, sanye da irin shat ɗin da zai sa ranar. Na Abuja da na Zariya su daure su zo, tafiyar yini ɗaya ce. Wanda ya yi nisa sosai ya je wajen telan kwat a inda yake, a auna kafaɗa, ƙirji, ciki, tsawon hannu, tsawon riga, ƙugu, cinya da tsawon wando, a rubuta da inci, kada ya turo awon kaftaninsa, domin shi da sarari ake ɗaukarsa.

Ranar gwaji ga abin dubawa. Ɗinkin kafaɗa ya ƙare daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. In ya zarce ko ya gaza, kwat ɗin ya tashi daga aiki, don kafaɗa ce wurin da ya fi wuyar gyara. A ɓalla maɓallin sama, in yadin ya ja ya yi layi-layi a kan ciki, ya matse. Hannun kwat ya tsaya a wuyan hannu, bakin shat ya leƙo kamar rabin inci. Wando kuma mutum ya zauna da shi, ya durƙusa kamar zai yi sujada, tunda Magariba da Isha'i za su riske ku a cikinsa. Matsattsen wandon da samari ke so yanzu shi ne ke ɓarkewa ta baya. A ce wa tela ya bar inci ɗaya a cikin ɗinkin ƙugu da na cinya don saki.

In lokaci ya ƙure dole sai ɗinkakke, ka san cewa lambar kwat ɗin Turkiyya 50 ita ce 40 a lissafin Ingila, goma ake cirewa, kuma wandon da ke zuwa da shi yawanci ƙugunsa ya gaza ƙirjin da inci shida. Mai tumbi ba zai shiga ba, sai an raba saiti. Ga kuma wahalar samun takwas kala ɗaya a girma daban-daban.

Tsarin lokaci: mako na farko kuɗi da yadi, na biyu awo, na biyar gwaji, a karɓi kaya saura kwana goma. Ka faɗa wa tela ranar da ta riga ta gaskiya da mako guda, saboda ɗauke wuta da cunkoson aiki, balle in bikin ya matso Sallah. Kada a biya shi duka sai an karɓa. Kuɗin kuma a faɗe shi tun farko har da shat, nektai da ɗinki, wanda ba shi da hali ka ja shi gefe ka cika masa ba tare da sauran sun ji ba.

Shat fara a saya tare, don fari ma kala-kala ne. Takalmi baƙi sau-ciki, bel baƙi, safa doguwa mai duhu. Kafin a fita a warware zaren da aka ɗaure tsagar baya da shi, a cire tambarin da ke kan hannu in ɗinkakke ne, maɓallin ƙasa kuma a bar shi a buɗe. Mai guga ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai kafin ya ɗora dutse, in ba haka ba yadin zai yi sheƙin da ba ya fita.