Tambayi Bakanike: Sitiyarina na karkarwa in na faɗa rami

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga Bakanike. Ina da Land Cruiser ƙirar 80, ta shekarar 1994. Wata uku ke nan tana ba ni tsoro. Idan ina gudun kilomita 80 a awa, tayar gaba ɗaya ta taka rami ko gaɓar gada, sai sitiyari ya kama karkarwa hagu da dama kamar zai ƙwace daga hannuna, gaban motar duka ya ɗauki rawa. Ba ya bari sai na sauko kusan 30. An yi mini balansin taya sau biyu, an sa sabuwar shokazobar sitiyari. Ya lafa sati uku, ya dawo. Bara na ɗaga motar da dogayen sifirin, na sa manyan tayoyi. Yanzu an ce in canja akwatin sitiyari gaba ɗaya. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka taɓa akwatin nan tukuna. Da shi da shokazobar da aka sa maka, duk an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wannan ciwo sananne ne ga motocin da aksil ɗinsu na gaba sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, taya a kowane kai: irin taka, da Land Cruiser 70, da Nissan Patrol Y60 da Y61, da tsohuwar Land Rover Defender, da Jeep Wrangler, har da ƙaramar Suzuki Jimny. Masu Jeep a Amurka suna yi masa laƙabi da karkarwar ajali. Tayoyin biyu suna kan ƙarfe ɗaya, don haka dukan da ɗaya ta sha yana ratsawa zuwa ɗayar, ita kuma ta mayar da martani. In komai a ɗaure yake tam, abin zai mutu nan take. In akwai wurin da ya yi lako-lako, sai su yi ta jifan juna da shi. Shokazobar sitiyari aikinta rage kaifin duka ne kawai. Sabuwa takan danne karkarwar na ɗan lokaci, in ta gaji ciwon ya leƙo. Sati ukun da ka samu ke nan.

Bayaninka ya riga ya wanke balansin daga zama babban mai laifi. Tayar da ba ta da balansin tana tsuma ne a wani gudu takamaimai, ko kan titi sumul, in ka ƙara wuta ko ka rage ta lafa. Taka sai an tsokane ta da rami, kuma in ta fara ba ta san bari ba.

Ga abin da nake yi kafin in ɗauki ko sifana ɗaya. Mota a ƙasa, a wuri mai daidai, nauyinta a kan tayoyinta, an ja birkin hannu, an tare tayoyin baya. Mutum ɗaya ya zauna ciki, ya tayar da inji, ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, hagu dama, hagu dama, ba tsayawa. Kai kuma ka durƙusa a gaba da tocila. Fara da sandar Panhard, wadda ta ratsa daga shasi ta gangara zuwa aksil (sunan wani tsohon kamfanin motoci ne na Faransa). A mota mai sifirin naɗaɗɗe ita ce ke hana aksil zamewa gefe. Ɗora yatsa a inda kan sandar ya haɗu da mazauninsa. Ido kan ruɗe, yatsa ba ya ruɗewa. In ka ji motsi ko ɗan ƙas-ƙas kafin tayoyi su juya, ka kama ɓarawonka. Milimita ɗaya ko biyu a nan ya isa ya girgiza mota mai nauyin fiye da tan biyu.

Ni kaina na taɓa shan kunya a wannan wurin. Wata Patrol ce, na canja mata bushin Panhard (robobin da ke kawunan sandar) sababbi fil, na canja kawunan tayarod (sandar da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare), na ce wa mai ita ya je ya huta. Kwana huɗu ya dawo, fuska ba annuri. Sai da na zare kusar gaba ɗaya na haska ramin mazaunin, na ga ashe ya ci, ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Bushin lafiya lau, kusar ce ke yawo a cikin rami. Walda aka yi, aka ƙara ƙarfe aka sake huda shi daidai kaurin kusar. Tun daga ranar ba na yarda da bushin sai na ga ramin da idona. Kuma a kula, kusoshin bushin ana yi musu ɗaurin ƙarshe ne mota na ƙasa. In aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri.

Kana nan durƙushe, bi sauran gaɓoɓin da yatsa ɗaya bayan ɗaya: kawunan tayarod, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari. Haska shasi a kewayen akwatin, domin ƙirar 80 takan tsage a wurin, musamman mai manyan tayoyi. Duba kuma notuna huɗun da ke ƙasan gwiwar aksil (gaɓar da taya ke juyawa hagu da dama a kanta), masu riƙe hannun sitiyari. Sukan kwance, kuma kwancewarsu ba abin wasa ba ce.

Sannan a ɗaga gaban, a tokare shi da abin tokara mai ƙarfi, jak kaɗai ba amana gare shi ba. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. In akwai wasa, sa a taka birki ka sake. Wasan ya ɓace? Boris ɗin taya ne, a ɗaure ko a canja. Yana nan? To boris ɗin kinfin ne, guda biyun nan na sama da ƙasa da gwiwar ke juyawa a kansu. Waɗannan ko ba su yi wasa a hannu ba suna iya zama sanadi, domin an yi su ne su riƙe gwiwar da ɗan tauri. Ana cire tayarod, a ja hannun gwiwar da sikelin rataye, a gwada da adadin da littafin motar ya faɗa. Mota mai shekara talatin da ba a taɓa buɗe gwiwarta ba, da wuya ta ci wannan jarrabawa. In ka ga baƙin giris mai ruwa-ruwa yana tsiyaya a bayan gwiwar, man aksil ya riga ya ratsa, lokacin buɗewa ya yi.

Ɗagawar da ka yi bara kuwa tana da hannu. Dubi cokalin keke, yadda ya kishingiɗa baya. Shi ya sa keke ke miƙewa da kansa. Gwiwar motarka ma haka aka kishingiɗar da ita 'yan digiri, ana kiran wannan kasta. Dogayen sifirin suna murɗa aksil, kastan ya ragu, manyan tayoyi kuma su ƙara nauyin da ke lilo. Je a auna a na'urar alaimen, a ba ka adadin a rubuce. Akwai bushi da faranti na musamman da ke mayar da shi.

Kafin a gyara, ka rage gudu. In ta kama ka a hanya, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, ka rage a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. Masu cewa a ƙara wuta ta wuce, kada ka saurare su.

TAMBAYA: Oga, tawa Pajero ce tsohuwa. Sitiyarin ba ya rawa sai na taka birki a kan gudu, har feda nake ji tana bugun ƙafata. Ciwo ɗaya ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: A'a Hajiya, naki da sauƙi. Kowace tayar gaba ta Pajero da nata hannuwan, ba sanda ɗaya suke kai ba. Fayafayan birki ne suka ci ba daidai ba. A auna kaurinsu. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi yawanci yana rubuce a jikin faifan. In da saura a goge su a injin, in babu a canja biyun tare, a kuma kankare tsatsar mazaunin kafin a ɗora sabo.