Wai mai shawara ba a yi masa allura?

Amaryata, saƙonki ya iso bayan la'asar, kuma sai da na yi dariya kafin hankalina ya tashi. Ke da kika yi lakwal har kina gyara mana Faransanci, yau ke ce kike tambayar tsoho ko gaskiya ne mai shawara ba a yi masa allura. Kin ce kwana huɗu ke nan idon ƙanen mijinki ya yi ɗorawa, uwar mijinki ta rantse ba mai kai shi asibiti, an jiƙa masa saiwar rawaya, an hana shi mai da nama, shi kuma yana ta haɗiyar ƙwayoyin zazzaɓi da ya saya wurin mai tallar magani a tire. Wannan na ƙarshen da kika rubuta kamar ba komai ba, shi ya tsaya mini a rai.

Maganar allurar nan tasowa muka yi muka tarar da ita. A 1974, shekarar da Kunce ya karɓi mulkin Nijar, akwai wani baduku a unguwarmu nan Tawa, mai ɗinka takalma da kuben wuƙa, da tarin fuka ya kama. Maganin lokacin shekara guda ake yi ana sha: wata biyun farko allurar sitireftomisin kullum tare da ƙwaya mai haɗin izoniyazid da tiyasetazon, sannan ƙwayar kaɗai har wata goma. Kowace safiya yakan je a tsira masa allura da sirinjin gilas da ake dafawa a tasa. Wajen mako na shida abinci ya fita ransa, ko ƙamshin miya ya ji sai amai. Daga nan ido ya juya. Ƴan uwa ba su yi wata-wata ba suka ce allura ce. Aka daina zuwa, amma ƙwayar da ke hannu aka ci gaba da ɗura masa, don a ganinsu ƙwaya ba ta da laifi, ga kuma saiwa da sassaƙe da kowane maƙwabci ya kawo.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ake kira in ciwo ya gagara. Da ta je, ta sa aka fito da shi tsakar gida, ta ce ba a duba shawara a ɗaki, fitila ƙarya take yi. Ta ɗaga fatar idonsa ta sama da babban yatsa, ta ce ya dubi ƙasa. Ta sa aka kawo fitsarinsa a farar tasa ta girgiza: launin shayin da ya daɗe a kan wuta, kumfar ma rawaya. Ta tambayi matarsa launin bayan gidansa, aka ce ya yi fari-fari. Sai ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa, ta tattara ƙwaya da saiwa da garin magani, komai da komai, ta ƙulle ta saɓa a kafaɗa. Da yayan mara lafiyar ya yi magana, ta ce masa: "Jakin da ya durƙusa sauke masa kaya ake yi, ba a ƙara masa." Kunu da fura da ruwa ta bar masa. Cikin mako uku ido ya soma washewa, ya nemi tuwo da bakinsa.

Unguwa duka ta ɗauka hana allura ne ya tashe shi. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Sitireftomisin kunne da ƙoda take taɓawa, ba ruwanta da hanta. Ƙwayar da suke ganin ba ta da laifi ita ke cin hantar, ƙullin ɗankwalin nan ne ya cece shi. Sai dai tsoron allura ya hana a mayar da shi asibiti, tarin ya dawo, da sanyin shekara ta gaba ya rasu. Da an koma, da an riƙe shi da maganin da ba ya taɓa hanta har ta huce. Haka ake yi yau: cikin magunguna huɗu na tarin fuka, izoniyazid da rifamfisin da pirazinamid duk suna iya taɓa hanta, etambutol ne kaɗai ba ya yi. In suka taɓa sai a tsayar, a jira awon jini ya sauka, a maido su ɗai-ɗai da tazarar kwanaki, rifamfisin a gaba, sau da yawa a bar pirazinamid gaba ɗaya a tsawaita magani zuwa wata 9.

Ban ce tsofaffi sun ƙirƙiro tsoron ba. Allurar da ba ta dahu sosai ba takan ɗauko ciwon hanta nau'in B daga wannan ta kai wa wancan, shawara ta fito bayan wata biyu ko uku. Ga kuma wanda ake kaiwa asibiti sai rai ya kai ga maƙoshi, a yi masa allura ya cika, a ce ita ta kashe shi.

Abin da uwar mijinki ba ta sani ba shi ne shawara alama ce, kamar hayaƙi, kuma wuta iri-iri ke kawo ta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, maganinsa kuwa allurar artesunat ce ta jijiya, miligiram 2.4 a kowane kilo, a yi yanzu, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Mai irin wannan zazzaɓi in aka hana shi allura an haƙa masa kabari. Ciwon hanta na B yana kawo ta, na E ma haka, wanda ya ɓarke a Diffa a 2017 ya fi yi wa masu ciki ɓarna. Amosanin jini, tsakuwa a maɗaciya, sai kuma magani, duk suna kawo ta. Ido ba ya rarrabe su, kakata ma sa'a ta taka.

Yanzu ga ƙwayoyin tiren. Parasetamol na babba galibi miligiram 500 ne ƙwaya ɗaya. Mai 500 ɗin biyu ake sha a lokaci guda, a bar awa 6, kada a wuce takwas a kwana ɗaya, wato giram 4. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai shan giya, ko wanda ya yi kwanaki bai ci abinci ba, kada ya wuce giram 3. Dalili shi ne hanta na juya wani ɗan kaso na maganin ya zama guba, tana kuma da wani sinadari, gulutatiyon, da ke kashe gubar. In magani ya yi yawa, ko yunwa ta rage sinadarin, sai gubar ta shiga cin naman hantar kanta. Inda mutane ke rutsawa shi ne ba su san abu ɗaya suke sha da suna uku ba: Doliprane da safe, Efferalgan da rana, garin mura irin Fervex da dare, ga ƙwayar ciwon jiki mai haɗi a tsakani. Duk parasetamol ne a ciki. Kuma macuci ne, ranar farko ɗan tashin zuciya kawai, rana ta biyu zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sai a rana ta uku ko ta huɗu ido ya juya.

Makarinsa asetilsistayin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko amma ko an makara ana bayarwa. Ta ina ake ba shi? Galibi ta jijiya, amaryata, a cikin ƙarin ruwa: miligiram 150 a kowane kilo cikin awa ɗaya, 50 cikin awa 4, sannan 100 cikin awa 16. Ga ki ga allurar da ake gudu.

Ba parasetamol kaɗai za ki tambaya ba. Ki zauna da shi ku ƙirga baya har wata uku. Amoksisilin mai haɗin kilabulanik yakan kawo shawara da ƙaiƙayin jiki har mako shida bayan an gama shansa, mutum ya manta ma ya taɓa sha. Maganin farfaɗiya, maganin ƙanjamau irin nebirafin, ƙwayoyin ƙiba da na ƙarfin maza, duk ki rubuta suna da ranar farawa. Irin waɗannan ba su da makari, babban maganinsu a daina sha, kuma kada a sake komawa gare su sai likita ya ce. Wani likitan Amurka, Hyman Zimmerman, wanda ya ƙare rayuwarsa a binciken wannan ciwo, ya lura cewa in magani ya ɓata naman hanta har ido ya yi ɗorawa, aƙalla mutum ɗaya cikin goma yakan mutu. Likitoci har yau da wannan ma'aunin suke aiki: in ALAT, awon jini mai nuna ɓacin hanta, ta haura ninki 3 na ƙa'ida, bilirubin kuma, sinadarin da ke mayar da ido ɗorawa, ninki 2, ba a sallamar mutum ya koma gida da ruwan rawaya. Ki tabbata an auna waɗannan biyun, da TP mai nuna daskarewar jini, da gwajin zazzaɓin sauro da na B.

Kafin gari ya waye ki sa ido. In yana barci da rana ya farka da dare, ko yana magana ba kan gado, ko dasashi na jini, ba a jiran safiya. Ki sa ya miƙa hannuwa gaba ya tanƙwara tafin baya kamar mai tsayar da mota. In suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken kaza, guba ta kai ƙwaƙwalwa.

Abin da ke ba ni haushi da zamaninku, kowa ya zama likita. Mai maganin da muka sani saiwa ɗaya yake bayarwa, ya faɗi awo, ya faɗi ranar dainawa, kuma an san ƙofar gidansa. Yanzu kwalba ce a bayan mota da lasifika tana warkar da ciwo arba'in, ba mai sanin me aka zuba, ga ƙwaya tana gasuwa a rana a kan tire. Babana yakan ce wanda ya sha maganin da bai san sunansa ba ya ba baƙo kwana a ɗakin hatsi. Hana shi nama da mai kuma, a bar shi ya ci abin da cikinsa ya karɓa, hanta da yunwa ba sa shiri.

Uwar mijinki kada ki ja da ita a gaban mutane, surukuwa ce. Ki sa mijinki ya gaya mata awo za a je, ɗibar jini za a yi, ba zuba masa komai za a yi ba tukuna. Ku tattara duk kati da kwalba da ƙullin saiwa, har waɗanda aka shanye aka yar, ku zuba a leda ku tafi da su. Rawayar ma a dakata da ita har sakamako ya fito, don kada a rasa wanda za a tuhuma. Ko tana magani ko ba ta yi, wannan doguwar magana ce, sai kin zo sallah. Ki turo mini hoton takardar awon da zarar an ba ku, kuma ki gaida angon naki da ya ƙwace mini ke.