Hukuncin aikin ofis a kamfanin gidajen wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanci akanta a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, shekara biyu ke nan ina zaune a Tudun Wada ba aikin yi. Yanzu wani kamfani mai gidajen wasa da shaƙatawa, irin masu lilo da jiragen yara, ya ɗauke ni aikin ofis a Legas, da albashi mai kauri da inshorar lafiya da fansho. Sai dai ana kiɗa a harabarsu, kuma akwai gidan abinci mai sayar da giya. Mahaifiyata ta ce in ji ta bakin malamai tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa mahaifiyarka da alheri, ɗana.

Wasa a kan kansa ba haramun ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah (SAW) yana kare ta da mayafinsa. Kamfanin da mafi yawan kuɗinsa daga tikitin shiga da lilo yake, dukiyarsa halal ce ta rinjaya, albashinka kuma ladan aikinka ne.

Abin da ya fi damuna shi ne teburin da za a zaunar da kai, domin akanta alƙalami ne a hannunsa. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, an la'anci mai cin riba (kuɗin ruwa) da mai bayarwa da marubucinta da shaidunta biyu. Suratul Ma'ida aya ta 2 kuma ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Idan lissafin albashin ma'aikata ne ko kuɗin tikiti ko gyaran injuna, ka karɓa da natsuwa. Idan kuwa kai ne za ka riƙa yin odar giya ko rubuta yarjejeniyar bashi mai kuɗin ruwa, bai halatta ba, ka nemi a sauya maka sashe. Kiɗan da ba kai ka kunna ba, ba ka kuma zauna saurarensa ba, babu zunubinsa a kanka.

Irin waɗannan wurare kasuwarsu ta fi ci a ranakun hutu da bukukuwa, ƙila ka rasa Hawan Sallah a Zazzau. Wannan rashi ne da ake iya jurewa, amma Juma'a farilla ce. Kafin ka sa hannu, ka nemi takardar da ta fayyace ayyukanka, ka kuma tabbatar za a bar ka ka je masallaci.

Wallahu a'alam.