Amsa: Abin dariya a wajen su

Malam, ka tambaya ko abin dariya na faruwa a wajen su, wato kamun kifi? Kai, je ka Argungu lokacin gasa ka sha kallo. Ana buga bindiga kowa ya afka kogin Matan Fada da gora da homa (ragar kamun kifi), cunkoso har sai ka ga mutum ya rungumo ƙafar ɗan'uwansa yana ihu wai ya kama giwan ruwa, shi kuma mai ƙafar yana ta shure-shure.

Amma ni wadda ta fi kashe ni da dariya ita ce minjirya, kifin nan mai lantarki a jiki. Sabon shiga ya cusa hannu a rami yana lalube tarwaɗa, ta ba shi shokin, ya fito a guje yana salati, wando ma ruwa ya tafi da shi, mata na wanki a bakin gaɓa.