Amsa ga 'yar'uwar da aka ce gyalen ƙanwarta ne ya jawo mata

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce an yi wa ƙanwarki fyaɗe, dangi kuma sun ɗora laifin a kan ƙaramin gyalen da ta yafa, har kina tambaya ko akwai gaskiya a maganarsu. Wallahi babu, kuma ina faɗa miki ne da zuciyar da ta ɗanɗani wannan baƙin cikin.

'Yata hijabin Islamiyya ne a jikinta har ƙasa, ga safa, ga allo a hannu, lokacin da mai shagon layinmu ya ja ta ciki. Da gwaggon mijina ta rasa abin da za ta ce game da suturar, sai ta koma cewa yarinyar ta cika fara'a da maza, ni kuma ban iya tarbiyya ba. A tsakar gidana ta faɗi haka, yarinyar tana kwance a ɗaki tana jin komai. Gwaggon ce ta wanke kayan yarinyar da hannunta kafin mu je asibiti, wai don a rufa asiri, ita ce kuma ta kawo dangin mutumin da goro suna neman sulhu, tana tambayata wa zai auri yarinyar idan magana ta fita. Har yau ban taɓa jin ta ambaci sunansa da mugun baki ba, kuma ko gaisuwarta na amsa sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ni mai son sutura ce, kuma ina koya wa 'ya'yana ita domin umarnin Allah ne. Amma a Suratun Nur, aya ta 30 da ta umarci maza su runtse idanunsu ita ta riga aya ta 31 da ta yi magana da mata. Ki tambayi danginku wane gyale tsohuwa mai shekara 80 ta yafa a Kwanar Dangora, inda a 2020 'yan sandan Kano suka kama mutumin da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe, yana haura musu gida.

Don Allah kada ku wanke kayanta, ku kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki. Idan a Kano kuke, akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a asibitin Murtala; a Kaduna akwai irinta, cibiyoyin Salama. Kada ki bar ta ita kaɗai da masu wannan maganar, ko da mahaifiyarku ce, domin 'yata ta daina cin abinci saboda kalaman gwaggo. Ku kai ƙara, kuma ki samu namiji mai tsoron Allah a dangi ya tsaya muku, saboda masu neman sulhu za su zo, kuma ta wurin iyayenku maza za su biyo.