Amsar Baba ga Zumuntar Maza: Mudun da Ake Auna Maigida da Gwamna

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da dare. Ku yi mini haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, idona ba ya jure dogon rubutu a waya yanzu, gara in faɗa da baki.

To, ɗana, na saurari abin da ka turo jiya har sau biyu. Ka ce fasto ya ɗauki mako uku yana wa'azi a kan shugabancin miji a gida, alhali ƙasa tana cin wuta. Ka ce gwamnati ce ta karya maza, da me namiji zai shugabanci gida in aljihunsa fayau, matarsa ce mai albashi? Sannan ka tambaya don me za a riƙa karanta mana Romawa 13 ana cewa mu yi wa hukuma biyayya, hukumar da ba ta iya tsare ran mutum a gonarsa. Na ji zafin da ke cikin muryarka, kuma ban ga laifinka ba. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan komai ya bi ta. Duk wanda ke ba da kuɗin cefane ya san abin da kake faɗa.

Amma bari in fara da gida, domin nan na fi sani.

Babana mai bishara ne a ƙauye, manomi kuma. Ba ya da albashin kirki, rumbu biyu ne da tsohon keke. Kullum kafin zakara ya yi cara ta biyu zai kunna fitilar ƙwai, ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu, mu fito da barci a ido mu zauna a tabarma. A yi waƙa ɗaya, ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon juyin nan na 1932 wanda bangonsa ya yage har Mama ta ɗinke shi da tsumman atamfa. Ya karanta aya biyar ko shida, ya tambayi kowa abin da ya ji, sannan addu'a. Shi ke nan. Ba ya wuce minti ashirin. Wata shekara damina ta yi gardama, dawa ta ƙare tun kafin sabuwa ta nuna. Ni ne ke kai masa tuwonsa. Sai na lura kullum yana gutsurar loma biyu uku, ya rufe kwanon ya ce, kai wa uwarka, na ci wani abu a hanya. Ina yaro, na ɗauka gaskiya ce. Sai da na girma Mama ta gaya mini babu wata hanya, babu wani abu, ragowar nan ita ake ɗumama mana da safe. Ban taɓa jin mutumin nan ya ɗaga murya ya ce ni ne maigida ba. Bai bukaci faɗa ba. In ya yi gyaran murya a zaure, gida ya san ya dawo.

Ka ga, in muka karanta Afisawa sura 5, mu maza mun fi son aya 22, inda aka ce mata su yi biyayya ga mazajensu. Na gaskata ayar nan, ban cire ko wasali ɗaya daga cikinta ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka ko da zamani ya ce mun tsufa. Allah ya sa miji ya zama kan gida. Amma ka sauko aya 25 ka ga kuɗin da za ka biya. An ce ka ƙaunaci matarka kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Wato rawanin da aka naɗa maka na ƙaya ne. Kai ne na ƙarshe a ci, kai ne na farko a fita in an buga ƙofa da tsakar dare. Hausawa sun riga sun faɗa, babba juji ne. Kowa ya kwaso shararsa kanka zai zuba.

Maganar albashin matarka kuwa, zan gaya maka abin da ban cika faɗa a bainar jama'a ba. A shekarun da masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ina cikin waɗanda aka sallama. Shekara biyu da wani abu ba ni da aiki. Mamanku tana koyarwa a firamare, da yamma ta soya ƙosai a bakin titi. Da kuɗinta muka biya haya, da kuɗinta yara suka zauna a makaranta. Ni kuwa me na yi? Zuciyata ta ƙuntata. Na zama mai tsawa. In miya ta yi gishiri faɗa, in yaro ya yi dariya faɗa. Addu'ar safe na daina, domin ina ganin da wane ido zan tsaya gaban iyalin da ban ciyar ba. Wata ranar Lahadi bayan sujada wani dattijon ikkilisiya, ya riga mu gidan gaskiya yanzu, ya ja ni gindin dalbejiya. Ya ce, masaƙa ta karɓi katin aikinka, amma wa ya karɓi Littafi daga hannunka? Na yi shiru. Ya ce, matar da ke tsaye a kan mai mai zafi dominka, yaushe rabon da ka ce mata sannu? Na koma gida ranar na roƙi gafararta a gaban yara. Washegari na tashe su addu'a. Da yamma ni na ɗauko mata kasko da itace daga bakin titi, ina ji ana ƙus-ƙus, ban waiwaya ba. Daga baya na kama noman haya da ɗan gyaran injin niƙa, domin 1 Timoti 5:8 ba wasa ba ce, wanda bai kula da iyalinsa ba an ce ya fi marar bangaskiya muni. Namiji ba ya naɗe hannu ya ce ai madam tana aiki. Ya nemi ko dako ne. Amma shugabancin ba a cikin yawan kuɗin yake ba, yana cikin wa ke ɗaukar alhakin gidan a gaban Allah.

To, sai gwamnati. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mudun da ake auna maigida da shi ake auna gwamna. Manzo Bulus ya ce wa Timoti, in mutum bai iya sarrafa gidansa ba, yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Ni na ƙara da cewa, yaya zai kula da ƙaramar hukuma? Kansilan da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse ba daga sama ya faɗo ba. A wani gida aka haife shi, wataƙila ma ya yi makarantar Lahadi tare da mu. Wani uba ne ya ga ya shigo da abin da ba nasa ba yana ɗan shekara goma, ya kau da kai. Eli firist ne, mutumin kirki, amma ya san abin da 'ya'yansa ke yi da hadayar jama'a bai hana su ba, sai ga akwatin alkawari a hannun Filistiyawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa ban yarda fasto ya kauce wa matsalar ƙasa ba da ya tsaya a kan gida. Kan tushen ya tsaya.

Romawa 13 kuwa, ka tuna lokacin da aka rubuta ta Nero ne sarkin Rum, ba wani mai tsoron Allah ba. Duk da haka aka ce a biya haraji, a girmama hukuma, a wasiƙar Bulus zuwa ga Timoti kuma aka ce a yi mata addu'a. Don haka ba ma ƙona taya, ba ma ɗaukar doka a hannu, ba ma zagin shugaba da ashar a wannan zauren ko a Facebook. Na ga wasu saƙonni da ake turowa nan, ba su dace da bakin mai bi ba. Amma ka karanta aya 4 da kyau. An kira mai mulki bawan Allah domin amfaninka, mai riƙe da takobi don hukunta mugu. Bawa ne, yana da Ubangida. In ya bar mugu yana yawo da bindiga ya kama mai gaskiya, ya saki aikin da aka ba shi, kuma faɗa masa haka ba tawaye ba ne. Natan ya shiga fada ya ce wa Dawuda kai ne mutumin. Iliya ya tare Ahab a gonar Nabot. Ungozoman Ibraniyawa a Masar, Shifra da Fuwa, Fir'auna ya ce su kashe jarirai maza suka ƙi. Bitrus ya ce dole mu yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Ko kundin tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 14, ya rubuta cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin farko na gwamnati. In muka tambaye su ina tsaron, haƙƙinmu muke tambaya, da ladabi, da katin zaɓe, da wasiƙa, da tsayawa takara in Allah ya kira ka.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu miƙa wa gwamnati abin da ba nata ba. Tsaro nata ne, hanya tata ce, shari'a tata ce. Tarbiyyar ɗanka ba tata ba ce. Maimaitawar Shari'a sura 6 iyaye aka ce su koya wa 'ya'yansu, suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, da kwanciya da tashi. Mu da muka ga makarantun mishan kafin gwamnatoci su karɓe su a shekarun 1970 mun san abin da aka rasa. Wusasa ƙaramin wuri ne kusa da Zariya, amma dubi mutanen da ya fitar. Janar Yakubu Gowon can ya tashi, a gidan mai wa'azi, ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana ɗan shekara 31. Gindiri, Kagoro, haka. Da makarantun suka koma hannun hukuma, iyaye da yawa suka ɗauka tarbiyyar ma ta koma can. Yau kuma waya muka miƙa wa. Yaro yana ɗaki da ita har ƙarfe ɗaya na dare, uba yana falo da tasa.

Ku tuna Leah Sharibu. An kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, jihar Yobe, ranar 19 ga Fabrairu 2018, bayan wata ɗaya aka dawo da sauran da suka rayu, ita aka riƙe domin ta ƙi sakin bangaskiyarta. Shekararta 14. Gwamnati ta kasa tsare ƙofar makarantar, kuma za ta amsa wannan a gaban Allah. Amma abin da yarinyar nan ta riƙe a cikin daji, inda babu fasto babu uwa, wata ma'aikata ce ta saka mata shi? A gida aka shuka shi, da majami'a, a hankali, kullum. Duk lokacin da na tuna ta sai in tambayi kaina, jikokina in an raba su da ni yau, me ke cikinsu?

Wani abu kaɗan kafin in rufe. Maƙwabcina Musulmi ne, shekara ashirin muna katanga ɗaya. Da asuba ina jin yana tada 'ya'yansa salla, shi ma yana jin waƙarmu. In ɗana ya yi rashin kunya a layi yana tsawata masa, ni ma haka da nasa. Unguwarmu ta ga rikici, amma layinmu bai taɓa ƙonewa ba, domin iyayen gidajen sun san juna kuma 'ya'yansu suna jin maganarsu. Sojoji sukan iso ne bayan an gama ɓarna. Uba ne ke hana yaro fita da adda.

Saboda haka ɗana, ba na ce ka daina fushi da halin da ƙasa ke ciki ba. Ka je ka karɓi katin zaɓenka in ba ka da shi, kada kuma ka sayar da ƙuri'arka a kan taliya da magi. Amma gobe da asuba ka tada iyalinka, ko aya uku ce ku karanta. Ka gode wa matarka da bakinka, ta ji da kunnenta. Ku zauna ku biyu ku lissafa kuɗin watan nan, nata da ɗan abin da ka samu, ba ɓoye-ɓoye. Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu da ke neman wanda zai riƙe masa shagon kayan gini, na yi masa maganarka ɗazu. Ranar Asabar bayan taron zumunta ka biyo ta gida da ƙarfe huɗu mu je tare, ka zo da madam, Mamanku tana son ganinta. Ubangiji ya tsare mu, ya ba mu kwana lafiya.