Ta faɗa, kuma ta janye

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Ɗalibata ta ce wani babba a gidansu yana taɓa mata jiki, washegari ta ce ƙarya ta yi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malama, kada ki yar da maganar farko. Yara sukan janye in an tsorata su, balle in wanda ake zargi ɗan gida ne. Rubuta kalmominta yadda ta furta su, da kwanan wata. Kada ki sa mata magana a baki, irin "kawunki ne ko?" Ce mata, "ba ni labarin abin da ya faru." Ina roƙonki, ki kai rahoto ga jami'an kula da yara yau, tantancewa aikinsu ne. Sau da yawa likita ba ya ganin rauni, kuma hakan bai wanke kowa ba.